Mary Anning, ɗiyar kafinta mai tsintar duwatsun maciji (1799-1847)

A kudancin ƙasar Ingila, a bakin tekun da ya raba ta da Faransa, akwai wani ɗan gari da ake kira Lyme Regis. Garin ba shi da girma, ba shi kuma da wata dukiya ta a zo a gani, sai dai gaɓar tekun da ke gabas da yamma da shi ta bambanta da sauran gaɓoɓi. Wasu dogayen ganuwoyi ne na yumɓu da dutse, masu duhun launi, jere hawa-hawa kamar tabarmin da aka shimfiɗa bisa juna. Kowace shekara, idan ɗari ya shigo da ruwan sama da iska mai ƙarfi, yumɓun ya kan jiƙe, wani yanki na gaɓar ya zaftare ya faɗo bakin ruwa. Cikin abin da ya zubo ɗin nan ne mutanen garin su kan tsinci wasu duwatsu naɗaɗɗu kamar gammo, wasu ba su fi maɓallin riga ba, wasu sun kai faɗin faifai, wasu ma sun zarce.

Mutanen wancan zamani ba su san ko mene ne waɗannan duwatsu ba. Suka riƙa ce musu duwatsun maciji, domin a ganinsu macizai ne da suka naɗe sa'an nan suka daskare. A garin Whitby, can arewacin Ingila, inda su ma suke da irinsu, har labari aka ƙaga cewa wata waliyyiyar Nasara mai suna Hilda ce ta yi wa macizan garin addu'a suka koma dutse. Da yake kuwa ba a taɓa samun ko ɗaya da kai ba, sai masu sayarwa su sa wuƙa su sassaƙa masa kai, don ya fi shiga ran mai saye. Masana kuwa suna kiransu amonit. Sunan ya samo asali daga Amon, wani gunki na mutanen Masar ta dā wanda ake zana shi da murɗaɗɗun ƙahonin rago, kuma tun zamanin Rumawa ake kamanta duwatsun da waɗannan ƙahoni. Da irin wannan dutse ne wata yarinya ɗiyar talakawa ta fara neman abin sakawa a bakin salati.

An haifi Mary Anning ran 21 ga watan Mayu na 1799. Mahaifinta Richard kafinta ne, mahaifiyarta kuwa ana ce mata Molly. Ƴaƴa goma suka haifa, amma biyu kaɗai suka rayu har suka girma, watau Mary da wanta Joseph. Sunan ma gadonsa ta yi: akwai wata yayarta Mary da wuta ta kama tufafinta ta rasu tana da shekara 4, watanni kaɗan kafin a haifi wannan, sai aka mayar mata da sunan. Gidansu yana gab da ruwa ƙwarai, har idan teku ta tumbatsa ta kan shigo musu ɗaka. Tana da wata 15, cikin watan Agusta na 1800, wata maƙwabciya ta ɗauke ta zuwa kallon wasan dawaki. Matar da wasu mata biyu suna tsaye ƙarƙashin wani itace, aradu ta faɗa bisa itacen ta kashe su duka uku. Jinjirar kaɗai aka ɗauka da sauran numfashi. Daga baya, sa'ad da hazaƙarta ta bayyana, mutanen gari suka riƙa cewa aradun nan ce ta buɗe mata kai. Ya fi musu sauƙi su jingina basirar ɗiyar kafinta ga tsawa, da su yarda cewa aiki ne da naci.

Iyayenta ba mabiya babbar majami'ar gwamnatin Ingila ba ne, suna cikin wata ƙaramar ɗariƙa ta Nasara wadda a lokacin doka ta toshe wa mabiyanta ƙofar manyan jami'o'i da wasu ayyukan hukuma. Amma fa ɗariƙar ta ɗauki karantar da talaka da muhimmanci, kuma a makarantarta ta ran Lahadi ne Mary ta koyi karatu da rubutu. Iyakar makarantar da ta yi ke nan. Duk abin da ta sani bayan wannan, ita ta koya wa kanta.

Sana'ar tsintar duwatsu kuwa wurin mahaifinta ta same ta. Zamanin yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa ne, abinci ya yi tsada, aikin katako ba ya riƙe gida. Amma yaƙin ya hana masu kuɗin Ingila ƙetarawa yawon shan iska, sai suka koma zuwa garuruwan bakin teku na ƙasarsu, har da Lyme Regis. Richard ya kan ɗauki yaran biyu zuwa gindin gaɓa, su tsinto amonit da sauran irinsu, ya wanke ya goge, ya jera bisa tebur a ƙofar gida baƙi su saya don tsaraba. Cikin watan Nuwamba na 1810 ya rasu yana da shekara 44, bayan ciwon tarin fuka da raunin da ya samu sa'ad da ya faɗo daga bisa gaɓa. Bai bar musu kome ba sai bashi, har ta kai iyalin suna amsar taimakon da ake ba matalauta. Ana ba da labari cewa a kwanakin nan ne wata baƙuwa ta ga amonit a hannun Mary ta saye shi sule biyu da sisi, yarinyar ta sheƙa gida da kuɗin, daga ran nan kuma ba ta sake barin bakin teku ba.

Aikin ba wasa ba ne. Lokacin da ya fi albarka shi ne ya fi hatsari, watau tsakiyar ɗari, bayan gaɓa ta zaftare. Dole mai nema ya isa wurin da guduma da kwando kafin ruwa ya dawo, domin teku tana cika tana janyewa sau biyu kowace rana, kuma abin da ba a ɗauke yau ba, gobe igiyar ruwa ta farfasa shi ko ta tafi da shi. Ga ruwa a gefe guda yana iya datse wa mutum hanya, ga gaɓa a ɗaya gefen tana iya rufto masa. Cikin watan Oktoba na 1833 hakan ta faru: ƙasa ta zubo gabanta ta binne karenta Tray, wanda ya daɗe yana rakiyarta, ita kuwa da ƙyar ta tsira.

Cikin 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai mai tsawon mita 1 da ɗoriya, mai dogon baki cike da haƙora da manyan ramukan ido. Aka zaci na kada ne. Bayan watanni, cikin 1812, Mary ta gano sauran jikin cikin gaɓar, tana ƴar shekara 12 zuwa 13, aka sa leburori suka haƙo shi. Dabbar ta zarce mita 5, kuma maimakon ƙafafu, wasu filafilai gare ta na iyo. Wani mai gonaki na yankin, Henry Hoste Henley, ya saye ta wajen fam 23, ta bi hannu har ta kai Landan, inda cikin 1819 babban gidan ajiye kayan tarihi na Ingila ya saye ta fam 45. Likita Everard Home ya yi ta rubutu a kanta tun daga 1814, yana ta kai da kawowa ko kifi ce ko wata aba dabam, amma ko sau ɗaya bai ambaci yaran da suka tono ta ba. Daga baya aka sa wa irin wannan dabba suna iktiyozor, watau kifi-ƙadangare da harshen Girka.

Fam 23 kuɗi ne, amma ba kullum ake samun irin wannan ba. Shekaru suka wuce iyalin suna cikin ƙunci, har suka kai ga sayar da kayan ɗaki don biyan kuɗin haya. Wani tsohon hafsan soja mai tara irin waɗannan duwatsu, Thomas Birch, ya ga halin da suke ciki, ya san kuma yawancin kyawawan abubuwan da ke hannunsa su suka samo su. Ran 15 ga watan Mayu na 1820 ya yi gwanjon tarinsa a Landan domin taimakonsu, aka sami fam 400. Masu saye sun zo har daga Paris da Vienne, kuma tun daga nan sunan gidan Anning ya shiga kunnen masana. Joseph ya koma koyon sana'ar ɗinkin kujeru, ragamar aikin ta dawo hannun Mary.

Cikin watan Disamba na 1823 ta tono abin da ya fi na farko ban mamaki: cikakken ƙwarangwal na wata dabbar teku mai ɗan ƙaramin kai, da filafilai huɗu, da wuya dogo kamar maciji mai gaɓoɓin ƙashi 35. Da zanen ya isa hannun Georges Cuvier a Paris, wanda a lokacin babu kamarsa wajen sanin ƙasusuwan dabbobi, sai ya yi shakka. A ganinsa babu dabbar da za ta yi irin wannan wuya, watakila an haɗa kan wata da jikin wata ne. Maganar ba ƙarama ba ce ga Mary. Masu sassaƙa wa amonit kai sun riga sun ɓata sunan sana'ar, kuma da zargin ya tabbata a kanta, da babu masanin da zai ƙara sayen ko tsakuwa daga hannunta. Ƙungiyar masanan duwatsu ta Landan ta zauna kan batun a farkon 1824, ba tare da an kira ta ba. Aka duba, aka tarar ƙasusuwan na gaskiya ne, babu haɗi, Cuvier kuma ya sauka daga ra'ayinsa. William Conybeare ne ya gabatar da dabbar, wadda ake kira pleziyozor, ya sha yabo, bai kuwa faɗi sunan wadda ta same ta ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Cikin 1826, tana da shekara 27, ta tara abin da ya ishe ta sayen gida mai kanti da tagar gilashi. Manyan ƙwarangwal su ne suka ja hankalin duniya, amma a kan yi shekara ba a sami ko ɗaya ba. Abin da ya cika kantin, abin da kuma ya ciyar da gidan yau da gobe, amonit ne da ƴan'uwansa ƙanana, waɗanda ake sayarwa sule kaɗan. Ya kamata a tsaya a nan a faɗi abin da suke, domin a wajen masana darajarsu ba ta gaza ta manyan ƙasusuwan ba.

Amonit ba maciji ba ne, ba kuma dodon koɗi ba ne, ko da yake ya yi kama da katantanwa. Ɓawon wata halittar teku ce mai taushin jiki da hannuwa kewaye da baki. Idan aka tsaga ɓawon biyu, sai a ga an raba cikinsa ɗaki-ɗaki. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, mafi girma, kuma duk sa'ad da ta ƙara girma sai ta matsa gaba ta gina bango bayanta. Wani siririn bututu ya ratsa ɗakunan da ta bari, da shi take rage ruwan da ke cikinsu, iska ta maye gurbinsa, ɓawon ya ɗauke ta cikin ruwa kamar yadda gora ke ɗaukar masunci. Inda bangayen suka haɗu da ɓawon su kan bar wani zane mai lanƙwasa kamar ganye, kuma da wannan zane, tare da tsagar da ke bayan ɓawon, ake bambanta iri da iri. Danginsu sun bayyana wajen shekara miliyan 400 da suka wuce, suka ƙare ƙaf shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da manyan dabbobin nan da ake kira dinozor. An san dubban irinsu. Mafi girma da aka sani an same shi a Jamus cikin 1895, faɗinsa ya kusa mita 2.

Amfaninsu ga ilimi ya taho daga abu uku da suka haɗu gare su: suna da yawa, sun bazu cikin tekunan duniya, kuma siffarsu tana sakewa da sauri, wani iri ya ɓace wani ya maye. Saboda haka kowane hawa na dutse yana da nasa amonit, kamar yadda kowane zamanin sarauta yake da nasa hatimi. Wani ma'aunin ƙasa na Ingila, William Smith, wanda shi ma bai yi karatu mai zurfi ba, shi ya fara nuna cewa ana iya gane hawan dutse da irin halittun da ke cikinsa, ya kuma fitar da taswirar duwatsun Ingila cikin 1815. Bafaranshe Alcide d'Orbigny ya raba zamunan duwatsu mataki-mataki, ya sa wa da yawa daga cikinsu sunayen garuruwa da yankunan Faransa. Bajamushe Albert Oppel kuwa, tsakanin 1856 da 1858, ya raba zamanin da ake kira Jurasik, wanda duwatsun Lyme Regis suke cikinsa, kashi 33, yawanci bisa ga amonit. A yau akwai wuraren da amonit ke bambanta hawa biyu da tazararsu ba ta kai shekara miliyan 1 ba, cikin duwatsun da suka kusa shekara miliyan 200.

Wannan ilimi ya shafi ƙasar Nijar kai tsaye. A Damargu, wajen Tanut, ana tsintar amonit. René Chudeau ya bayyana wasu daga cikinsu cikin 1909, cikin 1943 kuma Daniel Schneegans ya sa wa wani jinsi suna Nigericeras, watau ƙahon Nijar. Su ne shaidar cewa wajen shekara miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce wani hannun teku ya ratsa Sahara daga arewa, ya bi ta nan har ya haɗu da tekun kudu. Da su aka gane cewa duwatsun Damargu tsaran na yankin Le Mans da Tours ne a Faransa, kuma na Lyme Regis sun girme su da wajen shekara miliyan 100. Sai dai duk wannan lissafi yana rataye ga sharaɗi guda: a san daga wane wuri, daga wane hawa aka ciro dutsen. Amonit da aka tsinta aka jefa aljihu, aka kai kasuwa ba tare da an rubuta inda ya fito ba, ya zama abin ado kawai; kamar wasiƙa ce da aka yage kwanan watanta da sunan garin da ta fito.

A nan ne Mary Anning ta sha bamban da sauran masu tsinta. Ta san gaɓar nan hawa-hawa, ta san abin da kowane hawa ke bayarwa. Idan ta sami ƙwarangwal ba ta tsince ƙasusuwan ɗai-ɗai, sai ta ciro su tare da dutsen da suke kwance ciki, ta share su a hankali, ta kafa su cikin katako yadda ta same su, ta zana. Duk takardar masana da ta faɗo hannunta sai ta kwafe ta da alƙalami, har da zane-zanen, da kyawun da ya sa da wuya a bambanta da na asali. Ta kan sayo kifi da wasu halittun teku masu rai ta feɗe su bisa tebur don ta gane tsarin waɗanda suka zama dutse. Da haka ne cikin 1826 ta lura cewa cikin belemnit, wani ɗan'uwan amonit mai siffar harsashi, akwai jakar busasshiyar tawada irin wadda danginsa na yau suke fesawa don ɓuya daga maƙiyi. Ƙawarta Elizabeth Philpot ta jiƙa tawadar nan da ruwa ta yi zane da ita. Ita ce kuma ta lura da wasu dunƙulallun duwatsu da ake yawan samu a cikin cikin iktiyozor, ta fasa su ta ga ƙayar kifi da ɓawonsa, ta gane cewa bayan gidan dabbobin ne ya daskare. William Buckland na jami'ar Oxford ya bayyana wannan cikin 1829, shi kam ya ambaci sunanta, kuma ta nan aka sami hanyar sanin abin da dabbobin dā suke ci. Cikin Disamba na 1828 ta samo ƙasusuwan wani ƙadangare mai fukafukai, na farko da aka gani a wajen ƙasar Jamus.

Manyan masanan zamanin sun yi ta zuwa ƙofarta, ta sa su gaba zuwa gindin gaɓa tana nuna musu. Su koma Landan su rubuta, sunansu ya fito. Ƙungiyarsu ba ta amsar mata, ba ta kuma fara ba sai cikin ƙarni na 20. Ta san abin da ake yi mata, waɗanda suka zauna da ita sun ba da labarin ɓacin ranta a kai. Abin da aka buga da sunanta cikin mujallar masana duk tsawon ranta bai wuce guntun wasiƙa guda ba, cikin 1839, inda ta gyara wani kuskure game da wani kifin dā. Louis Agassiz, masanin kifaye ɗan ƙasar Suwis da ya ziyarce ta cikin 1834, shi ne ya sa wa irin kifi biyu sunanta. Landan ma sau ɗaya ta taɓa zuwa, cikin 1829.

Ba za a ce duka sun yi mata butulci ba. Cikin 1830, da kasuwa ta faɗi, Henry De la Beche, wanda suka san juna tun suna matasa a bakin tekun nan, ya zana hoton tekun dā da dabbobin da ta tono suna iyo suna cin juna, aka buga shi aka sayar, kuɗin ya zama nata. Shi ne hoto na farko irinsa da ya bazu cikin jama'a. Cikin 1835 ta yi hasarar kusan duk abin da ta tara, wajen fam 300, cikin wata harkar juya kuɗi da ta lalace. Buckland ya shiga ya fita har aka yanka mata fam 25 kowace shekara daga ƙungiyar ciyar da kimiyya gaba ta Ingila da gwamnati. Cikin 1844 sarkin Saxe, Frédéric-Auguste na biyu, ya shiga kantinta da kansa ya sayi ƙwarangwal na iktiyozor.

Ba ta yi aure ba. A shekarunta na ƙarshe ciwon daji ya kama ta a nono, tana shan magani mai sa maye don rage zafi, wasu mutanen gari da ba su san dalili ba suka riƙa yi da ita cewa giya take sha. Cikin 1846 masanan Landan suka tara mata gudummawa, sabon gidan tarihi na lardin Dorset kuma ya sa ta cikin membobinsa na girmamawa. Ta rasu ran 9 ga watan Maris na 1847 tana da shekara 47, aka binne ta a harabar majami'ar garin. De la Beche, wanda ya zama shugaban ƙungiyar masanan duwatsu, ya karanta ta'aziyyarta gaban taronsu, abin da ba su saba yi wa wanda ba nasu ba, cikin 1850 kuma aka sa taga mai gilashi masu launi a majami'ar don tunawa da ita. Cikin 2001 hukumar UNESCO ta sa gaɓar tekun cikin wuraren gadon duniya, ran 21 ga Mayu na 2022 kuma aka buɗe mutum-mutuminta a Lyme Regis, da guduma a hannu, da kwando, da karenta. Gidan tarihin garin yana tsaye ne a filin gidan da aka haife ta, wasu daga cikin ƙasusuwan da ta tono kuwa suna kafe a bangon gidan tarihin halittu na Landan.